Da Motata Mai Tobo ta Ƙi Gudu

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona, ƙanena da ke aiki a Kudu ya aiko mini da mota. Ba sabuwa ba ce, ya daɗe yana hawanta, amma ya riƙe ta da kyau. Ruwan toka ce, kujerunta na fata. Direban da ya kawo ta Gaya ya miƙa mini makulli a ƙofar gida, sannan ya kira ƙanen nawa a waya ya ba ni.

"Yaya, ka bi ta a hankali," in ji shi. "Wannan ba irin tsohuwar akwalarka ba ce. Mai tobo ce."

Na ce masa na gane, alhali ban gane komai ba. Rabin rayuwata na yi ina koya wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki, ina iya gane ciwon dawa daga launin ganyenta, amma abin da ke ƙarƙashin bonet sanina a kansa bai wuce inda ake zuba ruwa da inda ake duba baƙin mai ba. Sai dai kalmar ta yi mini daɗi a baki. Duk wanda ya zo yi mini murna, kafin ya gama addu'ar Allah ya tsare, na riga na gaya masa mai tobo ce. Wata rana a majalisarmu ta bayan La'asar wani maƙwabcina, tela, ya dube ni ya ce, "Malam, wai shi tobon nan mene ne?"

Mutum bakwai suka zuba mini ido. Na gyara zama na ce, "Wani ƙaramin inji ne a cikin babban inji. In babban ya gaji, sai ƙaramin ya karɓa."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma da na ji bayanin daga bakina sai na ga ya yi ma'ana.

Gaskiya motar tana da gudu. In na hau titi na taka totur, sai ta ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ta finciko har bayana ya manne da kujera. Maiɗakina ta shiga sau biyu, duk biyun tana riƙe da marfin ƙofa tana salati, daga nan ta ce ita ta fi son adaidaita sahu, ko ba komai in ta ce wa mai shi ya rage gudu yana ji. Wanda ya ji daɗin motar fiye da ni shi ne Baffa, ƙanen mahaifina. Tsoho ne siriri, mai kaifin baki, manomi tun tasowarsa a ƙauyen Balan, yanzu kuma yana zaune kusa da mu a cikin gari. Tun ranar farko ya mallake kujerar gaba. Ko masallacin Juma'a za mu, wanda ake ganinsa daga ƙofar gidansa, sai ya tsaya ya jira in zo in ɗauke shi.

Haka muka yi wata da watanni. Sai bayan kaka, wata Asabar, aka gayyace mu ɗaurin auren ɗan wani tsohon abokin aikina a Ajingi, ƙarfe sha ɗaya na safe. Na ɗauki Baffa a gaba, tela da wani maƙwabcin a baya. Mun makara wajen fita saboda Baffa ya sauya hula har sau uku, amma ban damu ba, na ce musu yanzu za su gan mu a can.

Muna barin gari muka tarar da wata adaidaita sahu an labta mata buhunan gyaɗa har ta karkace. Na leƙa, hanya fayau. Na ba da sigina, na fita, na taka totur. Motar ta taso har muka jera da adaidaitar, ina jiran wannan finciko da na saba da shi. Maimakon haka sai na ji wani dogon huci daga gaba, fuuu, kamar an ɗora buhu a kan tsohon jaki. Na ƙara takawa har ƙafata ta taɓa ƙasa. Inji ya yi ƙara, allurar gudu ba ta motsa ba. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana.

Muka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da adaidaita sahu. Mai ita, wani magidanci mai gemu, ya waiwayo ya dube ni, ya dubi hanya, ya sake dubana. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai ya leƙo ya ce, "Alhaji, ina kwana? Wucewa za ka yi ko hira za mu yi?"

Kafin in sami amsa na hango babbar mota ta taho. Na taka birki na koma bayansa. A nan bayan nasa muka zauna, muna shan hayaƙinsa, ɓawon gyaɗa yana faɗo mana a gilashi. Can wani mai babur ya wuce mu duka biyun, da rago a ɗaure a bayansa, ragon yana kallonmu har suka ɓace.

Can tela ya yi gyaran murya daga baya ya ce, "Malam, ko ƙaramin injin ne bai ji an kira shi ba?"

Da muka isa Ajingi mun tarar ana watsewa, kowa da dabino da goro a hannu. Baffa ya fita ya gyara babbar rigarsa, ya gaya wa mutum na farko da ya gaishe shi cewa da a ce da ƙafa ya taho, da ya sami fatiha.

Daga ranar na shiga neman abin da ya sami motar, kuma na gane ashe garinmu cike yake da masana. Maiɗakina ce ta fara. Ta ce nauyi ne, na mai da but ɗin motar rumbu. Na buɗe na fitar da rabin buhun taki, da fartanya biyu, da tabarma, da jarkar ruwa, da wasu takardun taron manoma da na yi shekara ina nema. Na hau titi na gwada. Huci dai, fuuu, ba gudu. A majalisa aka ce mai ne, an haɗa ni da gurɓatacce. Na bari tanki ya kusa ƙarewa, na sha sabo a wani gidan man. Ba abin da ya sauya, sai ma na lura motar ta koma shan mai kamar ana tsiyayar da shi, kuma in na matsa mata tana fitar da baƙin hayaƙi ta salansa.

Sai na kai ta wurin bakanikena na Gaya. Mutumin kirki ne, shi ya raya tsohuwar motata shekara da shekaru bayan kowa ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Amma duk cutar mota a wurinsa daga filogi take farawa. Ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon injin da aka rufe da baƙar roba ko'ina, ya ce, "Su kuma waɗannan me suke ɓoyewa?" Ya sa na tayar, ya ce in taka. Motar tana tsaye ta yi ruri kamar za ta tashi sama.

"Malam, wannan ai lafiyarta ƙalau."

"A tsaye lafiyarta ƙalau," na ce. "Ni kuma ba don tsayuwa aka aiko mini da ita ba."

Ya sauya filogi huɗu, ya sauya matatar mai. Fitilar nan ruwan ɗorawa kuwa, ya cire kan batir ya ɗan jira ya mayar, sai ga shi ta mutu. Ya tafa hannu ya ce, "Ka gani? Ta warke." Na yi masa godiya na tafi. Ban kai kwanar kasuwa ba ta dawo.

Kashegari na koma, bakaniken ya aro wata 'yar na'ura wurin mai gyaran wayarin, ya soka ta ƙarƙashin sitiyari. Ta rubuto wasu lambobi da Turanci. Ya miƙo mini ya ce ni ne ɗan boko. Na karanta, na ce abin da ta ce shi ne iskar da tobo ke turawa ba ta kai yadda ake so ba.

"Shi ke nan," in ji shi. "Tobo ya mutu. Ni shawarata a cire shi gaba ɗaya a toshe wurin, mota ta huta, kai ma ka huta. Motoci nawa ne a garin nan ba su da shi, kuma suna zuwa Kano su dawo?"

Na kira ƙanena na gaya masa. Ya yi wata ƙara har na janye wayar daga kunnena. Ya ce in na bari aka sa sifana a jikin tobon nan zai hau mota ya taho Gaya a ranar. Na tambaye shi to me zan yi. Ya ce shi ma bai sani ba, shi dai in ta yi masa wani abu kai ta yake yi garejin kamfaninta.

Duk wannan abin Baffa yana gefe yana kallo. Ranar da na dawo da labarin cire tobo ya kira ni zaurensa ya ce, "Kai yaro ne har yanzu." Ina da jikoki a lokacin. "Wannan ba ciwon ƙarfe ba ne, baki ne. Kai ka ja wa kanka. Duk wanda ka gani, tobo, tobo. Ko akuya ce ka yi ta yabonta haka a bainar jama'a ai sai ta daina ba da nono."

Da safe ina shan koko na ji ƙaurin hayaƙi. Na fito na tarar da Baffa da kasko cike da garwashi, ya barbaɗa habbatussauda da wasu saiwoyi, yana zagaya motar yana tura kaskon ƙarƙashinta. Ya riga ya gama da gaba, ya nufi wajen tankin mai. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Na riƙe hannunsa na ce, "Baffa, don Allah, fetur ne a nan."

"To ka buɗe mini ciki in yi wa kujerun."

Na buɗe masa, don ya fi sauƙi. Sati biyu duk wanda ya shiga motar sai ya tambaya ko wani ne ba lafiya a gidanmu. Maiɗakina tana bayan ƙyaure tana dariya har da riƙe ciki, ta ce ko banza yanzu sauro ba zai shiga ba.

Wanda ya nuna mini hanya wani manomi ne daga wajen Ajingi da na taɓa taimaka wa lokacin da tsutsa ta shiga masararsa. Mun haɗu a kasuwar Gaya, ya ce ya ji labarin motata, don a lokacin ba wanda bai ji ba. Ya ce akwai wani dattijo a garinsu mai gyaran tarakta da injin ban ruwa, in kai masa. Raina ya ɗan sosu. Mota mai kujerun fata, a kai ta inda ake kwance tarakta? Ya ce, "Malam, manyan taraktocin nan ai duk da tobo suke aiki. Shi kullum hannunsa a ciki yake."

Na yi kwana biyu ina jan ƙafa, sannan wata Talata da hantsi na ɗauki Baffa muka kama hanya. Wannan karon ban yi yunƙurin wuce kowa ba.

Garejin fili ne a bayan gari ƙarƙashin wata bishiyar maina, da tarakta biyu a kwance da garmunan ƙarfe jingine da katanga. Mai wurin dogo ne baƙi, da tsagar Barebari a fuska. Kakanninsa ne suka zo daga gabas suka zauna, shi a nan aka haife shi. Mu kuma gidanmu Fulani ne, ko da yake rabonmu da saniya tun kakana. Yana ganin Baffa ya fito daga mota, da dogon hancinsa da sandarsa, sai ya ajiye sifanar hannunsa ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Fulani sun sami mota. Ina kuka baro shanun?"

Fuskar Baffa ta washe kamar an yi masa albishir. "Mun bar wa bayinmu Barebari su kula da su. Kai wa ya ba ka izinin barin garke?"

Suka yi ta yi, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, har sai da na yi tari sau biyu suka tuna da ni. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma. Na ɗauka zai buɗe bonet, sai ya zauna ya fara yi mini tambayoyi kamar likita. Yaushe ta fara? Lokaci ɗaya ko a hankali? Tana wahalar tashi da safe? In tana tsaye tana rawa? Hayaƙin baƙi ne, fari ne, ko shuɗi? Baƙin mai yana raguwa? Na ba shi labarin na'urar da shawarar cire tobo, na ce baƙin hayaƙi ne, baƙin mai kuma yana nan yadda yake. Ya ce madalla, da shuɗi ne da ya fi damuwa, don shi ke nuna tobo yana shan baƙin mai. Sannan ya ce, "Ka san aikin tobon ma kuwa?"

Baffa ya riga ni. "Ya sani mana. Ƙaramin inji ne a cikin babba. Shi ya gaya wa duk Gaya."

Dattijon ya yi dariya har hularsa ta zame. Da ya nutsu ya ce, "Ka taɓa zama a maƙera? Ka ga zugazugi? To shi ne. Wuta ba ta ci sai da iska. Hayaƙin da inji ke fitarwa, kafin ya kai salansa, yana juya wata 'yar farfela. Ita kuma tana juya 'yar'uwarta, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, wuta ta yi ƙarfi, mota ta finciko. Na'urar da aka sa muku ba ta yi ƙarya ba, ta ce iska ba ta isa. Amma ba ta ce zugazugin ya mutu ba. Wataƙila iskar ce ba ta samun shiga. Wataƙila hayaƙin ne ba ya samun fita. Wataƙila kuma ana hurawa, tana zurarewa a hanya. Sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce mu fara da jin ta a kan titi. Ya karɓi kujerar gaba, abin da ba wanda ya taɓa yi, ya tura Baffa baya. Ya sa na sauke gilasai duka na kashe rediyo, sannan ya waiwaya ya ce, "Bafulatani, za ka iya yin shiru na minti biyar, ko in ɗaure maka baki da rawani?" Baffa ya ce zai iya. Ya kai kamar minti ɗaya. Daidai lokacin da na taka totur hucin ya taso, sai ya ce, "Ka ji shi! Ka ji shi nan!" Dole muka juyo muka sake. A karo na biyu dattijon ya fitar da kansa ta taga, ya karkata kunne wajen ƙasa, ya ce in taka, in saki, in sake takawa. Ya dawo da kansa ciki ya ce mu koma.

A gareji ya buɗe akwatin matatar iska, ya zaro ta ya ɗaga wa rana. Ta yi datti amma haske yana ratsa ta. Ya kaɗe ta ya ce ba ita ba ce. Ya zagaya baya ya sa tafin hannu kusa da bakin salansa, ya ce in taka, hayaƙi ya bugi hannunsa da ƙarfi. Nan ma ba a toshe ba. Muka jira inji ya huce, muka sha fura da wata mai talla ta kawo, shi da Baffa suna gardamar ko Barebari sun san fura kafin Fulani su koya musu. Sannan ya kwance wani faffaɗan tiyo, ya kira ni ya ce in leƙa. A karo na farko na ga abin da na yi wata da watanni ina wa'azinsa. Bai fi tafin hannuna ba, kamar dodon koɗi na ƙarfe, da 'yar farfela mai sheƙi a ciki. Ya sa yatsa ya juya ta, ta yi ta juyawa sumul. Ya girgiza ta gefe da gefe, ya ja ta gaba da baya, ba ta yi lakwaf-lakwaf ba.

"Wannan ya fi ku lafiya ku biyun," in ji shi. "Wa ya ce a cire shi?"

Na ce wani ne dai.

Saura hanyar da iskar ke bi. Ya nuna mini yadda tiyo ya tashi daga tobo ya gangara ƙasa zuwa wani abu mai kama da lagireto a bayan bamba, inda iskar ke shan sanyi, sannan wani tiyon ya hauro zuwa inji. Ya bi su da ido, ya matsa su da hannu, ya gwada ɗaurin kowane. Ba abin da ya gani. Ya tsaya yana shafa gemu, sannan ya shiga rumfarsa ya fito da wani tsohon gwangwanin fenti mai bututu biyu a murfi. Ya cusa tsumma a ciki, ya ɗiga masa baƙin mai, ya kyasta ashana, ya bari ya fara turnuƙewa ya rufe. Bututu ɗaya ya haɗa da bakin tiyon motar ya naɗe da roba, ɗayan ya haɗa da famfon ba taya iska.

Baffa ya miƙe tsaye a hankali. "Me za ka yi da wannan?"

"Hayaƙi zan tura mata. Duk inda iska ke zurarewa, nan zai fito."

Baffa ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar tsoho ba. "Hayaƙi," in ji shi. "Ka ji ko? Hayaƙi. Da na kawo kasko wa ya riƙe mini hannu? Ga shi mun ƙona mai mun zo har Ajingi, wurin bawa, don a gaya maka abin da na gaya maka a ƙofar gida."

Aka ba ni famfo na yi ta bugawa, gumi yana karyo mini. Da farko shiru. Can sai ga wani siririn hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin bamba ta gefen direba. Dattijon ya ja buhu ya kwanta ya shige ƙasan motar. Muka ji yana ƙwanƙwasa wani abu, sannan muka ji dariya tana fitowa daga ƙarƙashin mota. Ya turo kansa waje riƙe da wani abu tsakanin yatsu biyu. Guntun kara ne, bai fi tsawon babban yatsa ba, bakinsa a fiƙe inda lauje ya sare shi.

"Wannan na samu a soke cikin tiyo, ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ya tsaga robar. In mota tana tsaye tsagar a rufe take, shi ya sa take ruri lafiya. Da tobo ya danno iska sai ta buɗe baki, iskar ta fice. Hucin da kuke ji ke nan. Inji kuma an gaya masa iska tana zuwa, ya zuba mai daidai ita, ba ta zo ba, man ya fita baƙi ta salansa." Ya dube ni, ya dubi Baffa. "Wa ya kai mota gona?"

Ni dai na tuna sarai. Kwanaki kaɗan kafin ɗaurin auren nan, da aka gama girbi, Baffa ya ce in kai shi Balan ya ga dammunan dawarsa. Na tsaya a bakin hanya, ya ce a'a, in shiga da shi har tsakiyar gona, ƙafarsa tana ciwo. Ƙafarsa ba abin da take yi, so yake maƙwabtan gonarsa su ga a me ya zo. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban ƙi su gani ba. Muka bi ta kan kunyoyi da tushiyoyin kara, motar tana tangaɗi, muka ji wani abu ya yi ƙwas a ƙasa. Baffa ya ce ba komai, kara ne. Dattijon ya ce tun ranar karan ya shiga ya toshe ramin da ya huda, sai da na matsa mata a titi tsagar ta ƙarasa buɗewa.

"Ni fasinja ne," in ji Baffa daga ƙarshe. "Mai sitiyari shi ya san inda ya bi."

Na karɓi guntun karan na juya shi a hannuna. Ko ba a gaya mini ba na san shi, karan dawar kaura ne. Ni da kaina na kawo wa Baffa irin shekaru uku da suka wuce, na yi ta yi masa bayani cewa ya fi wanda yake shukawa, don karansa yana da ƙarfi, iska ba ta kayar da shi.

Babu irin wannan tiyon a Ajingi. Dattijon ya wanke tsagar, ya naɗe ta da robar tiyub ɗin babur, ya ɗaure da zoben ƙarfe biyu, ya ce wannan na kai mu gida ne kawai, kada in matsa mata. Ya ba ni sunan tiyon a rubuce, wani direban haya ya taho mini da shi daga Kano bayan kwana biyu, na koma aka sa. Da na hau titi na taka, ta yi ɗan jim ɗin nan nata, sannan bayana ya manne da kujera. Fitilar ma bayan 'yan kwanaki ta mutu don kanta.

Ban gaya wa majalisa zancen kara ba. Na ce musu iska ce take zurarewa a hanya, na kuma kawo musu bayanin zugazugi tiryan-tiryan kamar ni na ƙirƙiro shi. Nan da nan sunana ya fita a unguwa. Ba a yi wata ba wani malamin firamare da ke bayan layinmu ya yi mini sallama da safe, ya ce motarsa kwana uku ke nan ba ta da ƙarfi, ko ya taka ba ta tafiya, an ce ni ne na san kan abin.

Na sa hula na bi shi. Na zaunar da shi a kan benci na yi masa tambayoyi, har da launin hayaƙi. Na zaro matatar iska na ɗaga wa rana. Na sa hannu a bakin salansa. Mutane suka fara taruwa. Na ce yanzu sai mu duba farfela, na sunkuya cikin injin ina neman dodon koɗin nan. Na duba dama, na duba hagu, na kwanta a ƙasa da farar rigata na leƙa. Na kai kusan rabin awa kafin malamin ya ce, cikin ladabi, shi dai tun da ya sayi motar ba a taɓa ce masa tana da tobo ba.

Ina kwance a wurin ina tunanin yadda zan tashi, matarsa ta fito da tsintsiya za ta share cikin motar. Ta buɗe ƙofar direba, ta ja shimfiɗar roba ta ƙasa don ta kaɗe, sai ta ji ta maƙale. Ashe sabuwar shimfiɗa ce mai kauri da ya saya ranar kasuwa, ta zame ta dunƙule a ƙarƙashin totur, ko ya taka rabi yake sauka. Ta fizgo ta, ta kaɗe, ta jefa ƙasa kusa da kaina.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce. "In kawo maka ruwa ka wanke hannu?"

Na ce ta kawo, har da sabulu.